Kundin Aiki da Bayanin Fili: Yadda Ɗalibin Aikin Jarida Zai Rubuta Tafiyar Bincikensa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wani ɓangare na horar da ɗaliban aikin jarida wanda ba a cika ware masa lokaci a aji ba, wato rubutun da ɗalibi ke yi game da bincikensa tun binciken yana kan hanya. Ta rarrabe tsakanin kundin aiki, wanda ɗalibi ke ajiyewa don kansa da malaminsa, da bayanin fili, wanda yake fitarwa abokan karatu ko jama'a su gani. Ta kafa hujja da abin da ya faru a makarantar Medill ta Amurka tsakanin 2009 da 2011 domin nuna cewa iyakar da ke tsakanin rubutun biyu ita ce abin da ya fi cancantar a koyar.

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana koyar da aikin jarida a jami'o'in Nijeriya, tun daga kwalejin Jackson da aka buɗe a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1961 har zuwa sassan da suka biyo baya a Legas da Kano da Maiduguri da Zariya, kuma abin da malami ya saba karɓa ya ba wa maki shi ne rahoton da aka kammala. Rahoton da aka kammala kuwa tamkar ɗaki ne da aka riga aka yi wa yaɓe, mai kallo ba ya ganin inda tubali ya karkace. Malami yana iya yaba tsarin jimla da kyawun kanun labari, amma ba shi da hanyar sanin ko mutum biyar ɗin da aka ambata an gana da su ido da ido, ko kuwa uku daga cikinsu a bakin wani aka tsinci maganarsu. Wannan giɓi ne ya sa wasu makarantu ke neman ɗalibi ya riƙa rubuta yadda aikinsa ke tafiya mako-mako, wani lokaci ma ya wallafa shi inda kowa zai karanta. Shawarar tana da kyau, sai dai tana ɗauke da haɗarin da ba a faye bayyana wa ɗalibi ba, domin abin da ya rubuta yau da zuciya ɗaya yana iya zama hujja a kansa gobe, ko a kan mutumin da ya amince masa ya ba shi labari.

2.0 Ma'anar Kundin Aiki

Abin da ake nufi da kundin aiki a wannan takarda shi ne rubutaccen tarihin bincike guda ɗaya daga ranar da aka fara shi zuwa ranar da aka rufe shi, wanda ya ƙunshi wa aka gani, a ina, da wane lokaci, me ya faɗa, me aka gani da ido, wace takarda aka samu kuma daga hannun wa, da abin da har yanzu ba a tabbatar ba. Ya kamata a bambanta shi da littafin da ɗalibai ke cikewa a lokacin sanin makamar aiki na shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973. Wancan littafi shaidar halarta ce, ɗalibi yana rubuta cewa ya je ɗakin labarai ya taimaka wajen tace rahoto, mai kula da shi ya sa hannu ya buga hatimi, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akan cike shafukan makonni da yawa a zama ɗaya idan ranar miƙawa ta ƙarato. Kundin da aka cike ta wannan hanya ba shi da amfani ga ɗan jarida, saboda darajarsa gaba ɗaya ta rataya ne a kan cewa an rubuta shi a ranar da abin ya faru, kafin mantuwa da son zuciya su gyara labarin.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan isnadi, wato jerin mutanen da magana ta bi ta bakinsu kafin ta iso, kuma sukan auna maganar da ƙarfin wannan jeri, su raunana ta idan an samu yankewa ko an samu wanda ba a san halinsa ba. Kundin aiki isnadin rahoto ne. Bill Kovach da Tom Rosenstiel, a littafinsu kan ginshiƙan aikin jarida da ya fito a 2001, sun ɗauki ɗabi'ar tabbatar da labari a matsayin abin da ya raba aikin jarida da farfaganda da nishaɗi, kuma sun haɗa ta da bayyana wa mai karatu yadda aka san abin da aka sani. Ɗalibin da ba ya ajiye kundi ba zai iya yin wannan bayani ba ko da ya so.

3.0 Abin da Ke Shiga Kundin

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya saba da shi shi ne raba abin da ya gani da abin da aka faɗa masa da abin da ya zata, kuma harshen Hausa ya riga ya tanadar masa kayan aikin. Kalmar "wai" tana nesanta mai magana daga abin da yake faɗa, "an ce" tana ɓoye mai faɗar, "na gani" kuma tana ɗora alhakin a wuyan mai rubutu. Matsalar ita ce a kan hanyar zuwa rahoton ƙarshe waɗannan ƙananan kalmomi sukan zube, musamman idan an yi hira da Hausa aka rubuta rahoto da Turanci, sai abin da mai unguwa ya faɗa da "wai" ya fito a jarida kamar ya rantse a kansa. Saboda haka wajibi ne kundin ya adana maganar da harshen da aka yi ta, ko Hausa ce ko Fulfulde ko Kanuri, fassarar kuma ta zo a ƙarƙashinta tare da sunan wanda ya fassara. Idan tafinta aka yi amfani da shi, a rubuta ko shi wane ne a garin, domin tafintan da yake ɗan gidan dagaci yana iya tausasa ƙorafin da aka yi a kan dagacin ba tare da ya ɗauki hakan a matsayin ƙarya ba.

Akwai kuma batun kara da kunya, wanda littattafan koyarwa da aka rubuta a ƙasashen waje ba su san da shi ba. Matar da aka tambaya halin da asibitin garinsu ke ciki a gaban mijinta da ma'aikacin asibitin, ta ce "sai godiya", ba ta ba da shaidar cewa asibitin na aiki ba. Ɗalibin da ya rubuta amsar kaɗai ya yi asarar rabin labarin, wanda kuwa ya rubuta su wa ke zaune a wurin lokacin da aka yi maganar ya bar wa kansa dalilin komawa. Haka abin yake ga ma'auni. Idan, alal misali, ɗalibi na bibiyar farashin gero tsakanin kasuwar Dawanau da wata kasuwar ƙauye, bai isa ya rubuta kuɗin kwano ko na buhu ba, sai ya rubuta wane kwano, tiya nawa ke cikin buhun, kuma farashin sari ne ko na sayen ɗai-ɗai, in ba haka ba zai kwatanta abubuwa biyu da ba su da haɗi ya kira bambancin hauhawar farashi.

Takardun hukuma suna da nasu tsarin. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatar gwamnati kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka miƙa mata, tare da damar ƙarin wasu kwana bakwai a wasu yanayi, don haka ranar da aka kai wasiƙa da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa su ne kaɗai za su ba ɗalibi damar rubuta cewa ma'aikata ta ƙi amsawa. Irin wannan lissafi ake buƙata game da duk wanda rahoton zai zarga: sau nawa aka neme shi, ta wace hanya, da ainihin tambayoyin da aka aika masa. Lokacin da makarantar aikin jarida ta Jami'ar Columbia ta binciki rahoton fyaɗen da mujallar Rolling Stone ta buga a Nuwamba 2014 kuma ta janye daga baya, bayanan aikin marubuciyar ne suka nuna inda aka kauce, wato ba a tuntuɓi abokan mai ƙorafin da aka sa wa magana a baki ba, kuma ba a gabatar wa waɗanda ake zargi cikakken abin da ake zarginsu da shi ba.

Kuɗi ma yana shiga kundin, kowace naira da ta fita da kowace da ta shigo. Abin da ake kira "kuɗin mota" ko "na goro" a wurin taron manema labarai sananne ne, kuma ƙa'idojin aikin jarida na Nijeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana karɓar lada domin bugawa ko danne labari. Abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne ɗaya ɓangaren, wato kuɗin da su suke bayarwa, kamar biya wa majiya kuɗin acaba ko saya masa abinci, wanda a al'ada kyautatawa ce amma a gaban lauya yana iya komawa sayen shaida.

Duk da haka bai kamata a ɗauki kundi a matsayin maganin ƙarya ba. Stephen Glass na mujallar The New Republic, wanda asirinsa ya tonu a 1998, ya ƙirƙiri bayanan hira na bogi har da shafin intanet na kamfanin da babu shi domin ya yaudari masu tantancewa. Kundi yana taimakon mai gaskiya ne ya kare kansa daga kuskure, maƙaryaci kuwa sai malami ya ɗauki waya ya kira biyu ko uku daga cikin mutanen da aka ce an gana da su.

4.0 Darasin Medill

Makarantar Medill ta Jami'ar Northwestern da ke jihar Illinois ta yi suna a ƙarshen ƙarnin da ya wuce saboda wani aji na Farfesa David Protess, inda ɗalibai ke sake bin diddigin shari'o'in kisan kai da ake shakkar hukuncinsu. Aikinsu ya taimaka wajen sakin Anthony Porter a 1999, mutumin da a 1998 saura kimanin kwana biyu a zartar masa da hukuncin kisa aka dakatar, kuma lamarin yana cikin abubuwan da suka sa Gwamna George Ryan ya dakatar da zartar da hukuncin kisa a jihar a Janairu 2000. Daga 2003 zuwa 2006 wasu rukunonin ɗaliban suka binciki shari'ar Anthony McKinney, wanda aka ɗaure bisa kisan wani mai gadi a 1978, suka tattara shaidun da suke ganin sun wanke shi, aka miƙa wa lauyoyin da ke neman a sake duba hukuncin.

A 2009 ofishin mai gabatar da ƙara na gundumar Cook ya mayar da martani ta hanyar da ba a zata ba, inda ya nemi kotu ta tilasta wa jami'ar ta miƙa bayanan hirar ɗaliban da saƙonninsu na imel da lissafin kuɗin da suka kashe, har ma da makin da aka ba su da tsarin ba da makin. Hujjar ofishin ita ce yana son ya gano ko ɗaliban sun ɗauka cewa samo shaidar wanke fursuna ne zai kawo musu maki mai kyau, kuma ya yi zargin cewa wani shaida ya amfana da kuɗi ta hanyar kuɗin tasi da aka biya masa, zargin da ɓangaren ɗaliban ya musanta cewa sayen shaida ne. Jami'ar ta fara da kare kanta da dokar jihar da ke kare sirrin 'yan jarida, amma a 2011 alƙaliyar da ta saurari batun ta yanke cewa ɗaliban sun yi aiki ne a matsayin masu bincike na lauyoyin fursunan, saboda haka wannan kariya ba ta rufe saƙonnin ba. A shekarar ce Protess ya bar jami'ar bayan saɓani da hukumominta kan ainihin abin da aka riga aka miƙa wa lauyoyin, McKinney kuma ya rasu a gidan yari a 2013. Ita kanta shari'ar Porter ta sake tasowa a 2014, lokacin da aka saki Alstory Simon, mutumin da ya amsa laifin a faifan bidiyo, bayan masu gabatar da ƙara sun soki hanyar da aka bi aka samu amsawar.

Abin lura a nan shi ne kariyar ta karye ne ta wurin rabawa. Da zarar bayanan sun fita daga hannun ɗan jarida zuwa hannun wani ɓangare na rikicin, da wuya a sake cewa sirri ne. Kuma abubuwan da aka nema su ne waɗanda ɗalibi ke rubutawa ba tare da tunani ba, irin su raha tsakanin abokai da hasashe kan wanda ya yi laifi da rasiɗin mota. Nijeriya ba ta fi Illinois sauƙi a wannan fage ba. Sashe na 16 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya ambaci sirrin aikin jarida cikin abubuwan da ake karewa, amma a shari'ar Tony Momoh, editan Daily Times da Majalisar Dattawa ta kira ya bayyana majiyarsa, nasarar da ya samu a babbar kotu ba ta tsira a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1983 ba, shekara guda bayan haka kuma aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian a ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja. Idan ƙwararru masu katin aiki sun gamu da haka, ɗalibin da ba shi da kamfani a bayansa bai kamata ya dogara da kariyar da ba a gwada a kansa ba. Abin da ya fi masa shi ne ya rubuta kundinsa yana ɗauka cewa wata rana wani zai karanta shi a gaban alƙali, ya ba majiyar da ta nemi a sakaya sunanta laƙabi, ya ajiye mabuɗin laƙaban a wani wuri dabam, ya kuma guji rubuta hukunci a kan mutum kafin hujja ta cika.

5.0 Bayanin Fili

Bayanin fili shi ne abin da ɗalibi ya zaɓo daga kundinsa ya nuna wa wasu alhali aikin bai ƙare ba, kuma amfaninsa ba abin rainawa ba ne. A 2016 David Fahrenthold na jaridar Washington Post, yana binciken ko Donald Trump ya ba da sadakar da yake cewa ya bayar, ya riƙa ɗaukar hoton shafukan littafinsa da ya jera ƙungiyoyin agajin da ya tuntuɓa da amsar kowacce, yana sawa a Twitter. Masu karatu suka riƙa nuna masa inda zai duba, har ta wannan hanya aka gano wani zanen Trump da aka saya da kuɗin gidauniyarsa rataye a wurin shaƙatawarsa na Doral da ke Florida, kuma aikin ya samu kyautar Pulitzer a 2017. Sai dai yana da kyau a duba abin da ya sa hanyar ta yi aiki: wanda ake bincika ɗan takarar shugaban ƙasa ne, majiyoyin ƙungiyoyi ne masu ofis da kakaki, kuma abin da aka wallafa tambaya ce da amsa, ba zargi ba. Babu wanda fitar sunansa a jerin zai jawo wa kora daga aiki ko daga gari.

A ƙaramin gari lamarin dabam yake, domin cire suna ba ya ɓoye mutum. Idan ɗalibi ya rubuta cewa wata ma'aikaciyar jinya mai ɗauke da juna biyu a asibitin gari kaza ta shaida masa ana karkatar da magani, kowa a garin ya san ta, kuma hoton da aka ɗauka da waya yana iya ɗauke da bayanin wuri da lokaci a cikinsa. Shi kansa mai binciken yana cikin haɗari idan ya sanar da inda zai je gobe. Ahmed Hussein-Suale, abokin aikin ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas a Gana, an harbe shi a Accra a Janairu 2019, watanni bayan an nuna hotonsa a talabijin sakamakon binciken cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa. Ta fuskar doka kuma, rubutun da ɗalibi ya kira "bayanin wucin gadi" wallafa ce cikakkiya da zarar mutum na uku ya karanta, sashe na 391 na kundin Final Kod ya mayar da ɓata suna laifi, sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 kuma an sha kama 'yan jarida da shi kafin a yi masa gyara a 2024. Ƙa'idojin Ilorin sun ƙara da hana bayyana yaron da bai kai shekara 16 ba a labarin da ya shafi laifi ko lalata, kuma wannan hani bai jira rahoton ƙarshe ba.

Ra'ayin wannan takarda shi ne bayanin fili ya tsaya a kan hanya ya bar sakamako. Ɗalibi yana iya bayyana tambayar da yake bi, da irin takardun da ya nema da ranar da ya nema, da dabarar da ya gwada ta ƙi, da kuskuren da ya yi ya gyara, har ya roƙi wanda ya san wani abu ya tuntuɓe shi a keɓe. Abin da bai tabbata ba, da abin da wanda ake zargi bai samu damar amsawa ba, da duk abin da zai nuna majiya, su zauna a kundi. Idan kuma ya yi gyara a abin da ya riga ya fitar, ya faɗi cewa ya gyara da ranar gyaran, domin sharewa a ɓoye ɗabi'a ce da idan aka koye ta a makaranta ba a barinta a ɗakin labarai.

6.0 Nauyin da Ke Kan Malami

Darasin Medill ya shafi malami fiye da ɗalibi, tunda tsarin ba da maki na cikin abin da aka nema a kotu. Idan maki ya ta'allaƙa a kan girman abin da aka bankaɗo, an koya wa ɗalibi ya ga laifi ko babu shi. Ya fi dacewa kaso mai tsoka na makin ya tafi ga ingancin kundin, ta yadda ɗalibin da ya yi wata biyu yana bincike ya dawo ya ce zargin da ya fara da shi ba shi da tushe, ya kuma nuna matakan da suka kai shi ga haka, zai iya fin wanda ya kawo labari mai zafi da isnadi mai rauni. Ya kamata kuma malami ya karanta kowane bayanin fili kafin ya fita, kamar yadda edita ke yi, wanda hakan ke nufin ajin da ya kai ɗalibi ɗari biyu ba zai iya wannan aiki ba sai an kasa shi rukuni-rukuni.

Akwai wata tambaya da sassan koyarwa ya kamata su amsa a rubuce kafin zangon karatu ya fara, wato a hannun wa kundin zai zauna bayan an ba da maki. Kundin digiri akan jera shi a ɗakin karatu na sashe inda kowa ke iya ɗauka, kuma idan aka bi da kundin aiki ta wannan hanya, lambobin waya da muryoyin mutanen da aka yi wa alkawarin sirri za su koma hannun wanda bai yi alkawarin ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara wa wannan batu nauyi. Mafi sauƙin tsari shi ne malami ya duba kundin a gaban ɗalibi ya mayar masa, sashe ya riƙe kwafin da aka cire sunaye da lambobi kaɗai, mabuɗin laƙaban kuma kada ya taɓa shiga ofishin sashe.